Rigar ruwan mai keke: Ka tsira daga ruwan sama, ka jiƙe da gumi

A daminar bara, ina gida hutun makaranta, Baba ya aike ni gonarmu ta shinkafa da ke hanyar Auyo in kai wa masu aiki kuɗinsu. Na fito daga Haɗejia hadari yana haɗuwa ta gabas, amma ko a jikina, saboda ina da sabuwar rigar ruwa. Mai kauri ce, irin ta roba, riga da wando. Ranar da na saya, mai shagon cewa ya yi, “Ɗan samari, wannan ko kogi ka faɗa da ita ba za ka jiƙe ba.”

Ruwa ya sauko, na zura riga, na ja zif har wuya, na ci gaba da taka keke. Ban yi nisa ba na ji kamar an saka ni a tukunyar dambu. Da na isa na cire ta, kaftanina sharkaf yake, har ana iya matse shi. Wani dattijo cikin masu aikin ya dube ni ya ce, “Yaro, rigar taka yoyo take yi ne?” Wallahi ko ɗigo ɗaya bai shiga ba. Mai shago bai yi ƙarya ba. Gumina ne ya jiƙa ni.

Tun ranar nake bibiyar wannan magana, kuma abin da na fahimta shi ne: a irin zafin garinmu, rigar ruwan da ta dace da mai keke ita ce wadda iska ke ratsawa. Kaurinta, tsadarta, ko sunan kamfanin waje da ke manne a wuyanta, duk suna baya.

Na san wani zai ce, ana maganar ambaliya na cinye gonaki da gidaje, kai kana maganar riga? Gaskiya ne, ba a haɗa su. Amma mu duba inda muke. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin ’yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan, kekunan da aka jingine a zaure suka dawo kan titi. Ɗalibin kwalejin Binyaminu Usman, malamin firamare da ke koyarwa a ƙauye, manomin fadama, mai sarin kifi, da yawansu keke ne ƙafarsu. Damina kuwa ba ta ɗaga wa kowa ƙafa: daga Yuni zuwa Satumba ake yi, Agusta kuma ga marka. Duk ranar da ruwa ya hana mutum fita, darasi ne ya wuce, ko kuɗin yini ya tafi. Wanda bai da kuɗin acaba kullum, rigar ruwa jari ce a wurinsa, kuma bai kamata ya yi asarar kuɗin sau biyu ba.

Matsalar gumi a rigar ruwa tsohuwa ce. A shekarar 1823 wani mutumin Sikotilan, Charles Macintosh, ya yi rajistar dabarar manna roba tsakanin ƙyalle biyu, aka samu rigar da ruwa ba ya ratsawa. Tun a lokacin masu sawa ke kuka da zafi da wari. Dalilin a fili yake: abin da ya hana ruwa shiga, shi zai hana gumi fita. Mai tafiya a hankali zai iya jurewa. Mai keke kuwa aiki jikinsa ke yi, zafi yake fitarwa, kuma ba shi da hanyar sanyaya kansa sai gumin ya bushe. Ka rufe shi cikin roba, gumin ya rasa mafita, ya taru a ciki.

A 1969 wani injiniya a Amurka, Bob Gore, ya gano yadda ake miƙe wani nau’in roba har ya zama shimfiɗa mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Daga nan aka samu yadin Gore-Tex, wanda ya shiga kasuwa a shekarun 1970. Kamfanin ya ce kowace ƙofa ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau kusan 20,000, amma ta isa tururin gumi ya bi ta ciki ya fita. Wannan shi ne yadin da ’yan talla ke cewa yana numfashi. Yau kamfanoni da dama na yin irinsa, kuma shi ne abin da samarinmu ke gani a intanet su ce lallai sai shi.

To ga inda gizo ke saƙar. Tururi yana tafiya ne daga inda ake da ɗumi da danshi zuwa inda ake da sanyi da bushewa. A Ingila ko Holan, inda ruwa ke sauka cikin sanyi, cikin riga da ɗumi, waje da sanyi, sai gumi ya samu hanyar fita. A Haɗejia cikin Agusta fa? Waje zafi ne, iskar kanta cike take da danshi, ga fadama ta ko’ina. Bambancin ciki da waje kaɗan ne, don haka numfashin yadin ma kaɗan ne. Ƙari a kan haka, da zarar fuskar yadin ta sha ruwa ta jiƙe, ko ƙura da maiƙon jiki sun toshe shi, aikin ya ƙara raguwa. Ba na cewa yadin banza ne. Ya fi roba nesa ba kusa ba. Ina cewa ne don wani yanayi aka ƙera shi, kuma wanda ya tara kuɗin wata biyu ya yi odarsa ta waya, yana zaton ba zai ƙara yin gumi ba, cinikin biri a sama ya yi.

Da na ba kakana labarin abin da ya same ni, dariya ya yi ya ce su a zamaninsu kabido suke sawa, wanda ake saƙawa da kaba, ya rufe kai da baya, a ɗora malafa in ana so. Ruwa ya zame ta sama, iska ta shiga ta ƙasa. Ba wanda zai hau keke da kabido yau, amma dabarar tana nan daram. Ita ce dai masu keke a Sin da Biyetnam ke amfani da ita: mayafin ruwa mai hula, wanda ake zura kai, gabansa ya rufe hannuwa da kan keke da cinyoyi, ƙasansa a buɗe. Yadinsa ba sai mai tsada ba, domin ba ta cikin yadin iska ke bi ba, ta ƙarƙashi take shiga.

Shi ma yana da nasa aibin, kada in ruɗe ku. Ruwanmu da iska yake farawa, kuma mayafi mai faɗi yana kama iska har ya nemi ture mutum. In ya yi tsawo da yawa zai iya shiga taya ko sarƙa. Saboda haka sai mai igiyar ɗaurewa a ƙugu, da madauki a ciki da za ka saƙala a hannu, kuma tsawonsa kada ya kai taya. Sannan ba ya aiki in babu madigadi. Samarin da ke cire madigadi don keke ya yi kyau, ku sani rabin jiƙewar mai keke daga ƙasa take zuwa. Tayar baya ce ke zana maka layin taɓo tun daga ƙugu har ƙeya.

Wanda ya fi son riga sosai, ko sabuwa ce ko ta gwanjo daga dilolin Ƙofar Wambai a Kano, ga abin da zan ce ya duba kafin ya miƙa kuɗi.

Ka fara da juya ta ciki ka dubi ɗinki. Duk inda allura ta bi ƙofa ce, kuma rigar kirki za ka ga an manne wani siririn tef a kan kowane ɗinki. In babu tef, ko ya fara ɓanɓarewa, ta kafaɗa ruwa zai same ka. In ta gwanjo ce, ka murza cikin da yatsa. In ka ga farin abu na zuba kamar amosani, ko cikin yana danƙo, rigar ta gama aiki, ko nawa aka rage maka. Araha ba ta ado.

Sai ka nemi hanyar iska: zif a ƙarƙashin hamata, ko buɗaɗɗen wuri a baya da aka rufa da murfi, da hannun da ake iya sassautawa. A wurina wannan ya fi komai. Ka kuma sa ta a jikinka, ka sunkuya ka miƙa hannu gaba kamar kana riƙe da keke. Hannun rigar ya kai wuyan hannu? Bayanta ya rufe ƙugu? Ta yi maka ɗan yalwa? Matsattsiyar riga gayu ce kawai, iska ba ta yawo a cikinta. Hular ma ka ja ta ka waiwaya. In ka juya kai ka ga cikin hula maimakon hanya, wata rana mota za ta zo ta bayanka ba ka gan ta ba.

Wasu rigunan suna da lamba a jikin tambarinsu, 5,000 ko 10,000 ko 20,000. Tsayin ruwa ne a milimita da yadin zai iya ɗauka a gwaji kafin ya fara tsatsa. Mai 10,000 ta ishi ruwanmu. Amma lamba rubutu ce, kowa na iya bugawa. Ka sayi ruwan leda ɗaya, ka nemi izinin mai kaya ka zuba a kafaɗar rigar. In ruwan ya dunƙule ya gangara, madalla. In ya baje ya shige, ka ajiye masa abarsa. Launi kuma, a bar baƙi da ruwan toka. Lokacin da hadari ya rufe gari, direban da ke hanyar Kafin Hausa ko Malam Madori da ƙyar yake ganin gabansa. Rawaya ko ruwan lemo, mai ɗan layi mai ƙyalli, shi zai nuna masa akwai mutum.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. Yadin auduga yana shan gumi ya riƙe. Ka sa jesin ƙwallo a ciki, mai saurin bushewa, ka naɗe kaftaninka da littattafai da waya a leda ka ɗaure a kariya, in ka isa ka canza. Ka rage gudu, gumi zai ragu, kuma dama birki ba ya kamawa sosai in taya ta jiƙe. In ka dawo gida ka shanya rigar a inuwa. Kada ka cusa ta jaka da danshinta, kada kuma ka baza ta kan kwano a tsakiyar rana.

Abin da ya fi damuna shi ne, me ya sa sai mun jira dila daga waje? Telolinmu na Haɗejia suna ɗinka jakar makaranta da rumfar A Daidaita Sahu da rigar kujerar babur. Mayafin ruwa na keke bai fi waɗannan wuya ba. Yadi mara nauyi da ba ya shan ruwa, a yanka shi yadda ɗinki zai yi kaɗan kuma kada ya hau kan kafaɗa, a sa hula da igiya da layi mai ƙyalli. Matashin da ya koyi wannan kafin watan Yuni, ya yi girman manya da na ’yan makaranta, yana da kasuwa daga Auyo har Guri da Kirikasamma. Masu shirya mana horon sana’o’i, da ’yan siyasar da ke raba kekunan ɗinki, ga abin koyarwa da ke da masu saye a ƙofar gida.

Wasu abokaina na cewa duk wannan wahala ce, ruwan Arewa ai na awa ɗaya ne, ka fake a rumfa ya wuce. Sau da yawa suna da gaskiya, kuma in ana tsawa da walƙiya ni ma fakewa nake, ba a ƙarƙashin bishiya ba. Amma tsakanin ƙauye da ƙauye a fadama ina rumfar take? Kuma yayyafin marka da ke wuni yana zuba, wa zai jira shi?

Magana ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Rigar ruwa maganin ruwan sama ce kaɗai. Mu da muka ga 2020 da 2022, lokacin da matasan garin nan suka kwana suna cika buhuna da ƙasa don tare jinga, mun san halin kogin Haɗejia. In madatsun Tiga da Challawa suka cika aka saki ruwa, ga kachalla da yashi sun toshe hanyoyinsa, sai ya hau kan gona da titi. A irin wannan lokaci za ka ga saurayi ya sha rigar ruwa, ya ɗaga keke a kafaɗa, ya shiga ruwan da ya yanke hanya. Bai san ramin da ruwa ya haƙa a ƙasa ba, kuma wando da rigar roba in suka cika da ruwa nauyi suke ƙara masa, su hana shi motsi. Ɗan’uwa, in ka iske ruwa na gudu a kan hanya, ka juya, ko ka jira masu kwalekwale da suka san wurin. In ma ka shiga kwalekwalen, ka cire rigar ka riƙe a hannu.

Tawa rigar robar tana nan. Na ba ƙanena yana rufe buhunan taki da ita, kuma a nan ta fi amfani. Bana mayafi na kai wa telan unguwarmu ya ɗinka mini, rawaya, na mayar da madigadin da na cire tun ina sakandare. Ranar da na fara fita da shi yaran layinmu sun bi ni da dariya, wai na zama jemage. Na isa inda za ni kaftanina a bushe.