Makin da na ci a TP ba nawa ba ne

Duk wanda ya zauna a gindin darbejiyar da ke gaban sashenmu a makon da muka dawo daga TP ya ji irin hirar da ake yi. "Kai nawa ka ci?" "Sau nawa aka zo duba ka?" "Ni wallahi nawa ko zama bai yi ba, a tsaye ya sa hannu ya wuce." Sai a kwashe da dariya, a tafa. Mako goma sha biyu muka yi a makarantu muna koyon aikin malanta, amma ban ji mutum ɗaya ya tambayi ɗan'uwansa ko yaran da ya koyar sun fahimci wani abu ba. Ni ma ban tambayi kowa ba, don na san amsar da zan bayar idan aka juyo da tambayar kaina.

Ga 'yan'uwa da ba sashen ilimi suke ba, TP ita ce tamu SIWES ɗin. Ku ana tura ku kamfani ko ma'aikata, mu ana tura mu aji. A ba ka darasi, ka rubuta shirinsa, ka koyar, sannan lakcara ya zo daga makaranta ya zauna a bayan aji ya ba ka maki. Bambancin kawai, in kun yi kuskure ƙarfe ko takarda kuka ɓata. Mu 'ya'yan mutane aka damƙa mana.

Ni an tura ni wata ƙaramar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, aka ba ni darasin fasaha a aji biyu. Yara tamanin da 'yan kai ne a rajista, wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Ranar da na isa, malamin da ke riƙe da darasin ya miƙo mini tsarin aikin zango da guntayen alli, ya ce, "To Malam, Allah ya ba da sa'a." Ban sake ganinsa a ƙofar ajin ba sai ranar da zai sa mini hannu a takarda. A ƙa'ida shi ya kamata ya riƙa zama yana kallona yana yi mini gyara. A aikace, zuwan 'yan TP hutu ne ga wasu malaman, har Allah-Allah suke yi mu iso.

A mako na huɗu labari ya shigo zaurenmu na WhatsApp cewa mai duba mu zai zagayo ranar Talata. A daren nan wani da ya riga mu gamawa ya koya mini dabarar da na tabbata rabin masu karanta wannan sun san ta. Ka zaɓi darasi mai sauƙi, ka koyar da shi sau biyu ko uku kafin ranar. Sannan ka ce wa yara, idan baƙo ya zo ka yi tambaya, kowa ya ɗaga hannu: wanda ya san amsa ya ɗaga na dama, wanda bai sani ba ya ɗaga na hagu. Kai kuma sai ka riƙa kiran masu dama.

Haka na yi. Darasin kan awo da rula ne, santimita da milimita. Na sayi kwali na zana ƙatuwar rula da maka, na yi wa yara alkawarin alawa. Ranar Talata kuwa aji ya yi kyau kamar a fim. Ina tambaya, hannuwa tamanin a sama, har da masu "Malam ni! Malam ni!" Lakcaran ya yi ta gyaɗa kai, ya rubuta cewa na iya jan hankalin aji, ya ba ni makin da ban taɓa samun irinsa ba tunda na shigo makarantar nan. Na kira Umma na gaya mata, ta yi ta sa mini albarka.

Ranar Alhamis na koma ajin, babu baƙo, babu alawa. Na zana layi a allo na ce, wa zai gaya mini milimita nawa ne a santimita uku? Sai na ga hannuwa sun tashi gaba ɗaya, na ji daɗi. Da na duba da kyau, kusan duka na hagu ne. Masu dama ba su fi bakwai ba, kuma su ne dai waɗanda na yi ta kira ranar Talata. Yaran nan ba tsokanata suke yi ba. Sun ɗauka sabuwar dokar aji ce, suna bin ta da zuciya ɗaya. Dabarar da na ƙirƙira don in rufe idon babba ita ce ta fara gaya mini gaskiyar da mako huɗu ban nema ba: sau huɗu na koyar da abu ɗaya, ajin bai gane ba.

Na ce kowa ya ciro takarda ya zana mini layi mai santimita shida. Na bi benci-benci ina dubawa. Yawancinsu daga lamba 1 suke fara awo, ba daga sifili ba, don haka layinsu santimita biyar yake fitowa. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai ba a fara ƙirga da sifili." Kuma a wajenta gaskiya ta faɗa, haka aka koya mata tun firamare. Ni da nake ta rera musu "milimita goma santimita ɗaya" suna amsawa kamar karatun allo, ban taɓa sunkuyawa na ga inda suke ɗora bakin rular ba. Wasu ma ba su da rular. Mutum biyar ke karɓa-karɓa da guda ɗaya.

Mako biyu na ƙara a kan wannan darasi. Muka yanyanka tsinken tsintsiya, muka auna benci, muka auna tafin hannu, na bar dokar dama da hagu a yadda take domin ta zame mini ma'auni. Sannu a hankali na dama suka fara yawa. Da lakcara na biyu ya zo, ya buɗe tsarin aikin zango ya ga na yi baya da mako biyu, ajin kuma yana ta hayaniya da tsinkaye a hannu. Ya rage mini maki, ya rubuta cewa in kula da lokaci da tsawatar wa aji. Ban yi masa musu ba, abin da takardarsa ta ce ya duba shi ya duba. Amma ga lissafin yadda ya tsaya: ranar da na yi ƙarya na ci maki mai yawa, ranar da na yi koyarwa na ci kaɗan.

Wannan shi ne abin da nake ganin ya kamata mu yi magana a kansa, mu da malamanmu. Takardar da ake auna ɗan TP da ita tana tambayar shigarsa, da muryarsa, da rubutunsa a allo, da kayan koyarwar da ya kawo, da yadda ya gabatar da darasi da yadda ya rufe. Duk suna da amfani. Sai dai dukkansu a kan malami suke, kuma dukkansu ana iya shirya su saboda minti arba'in. Abin da ba a iya shiryawa shi ne littattafan yara. Da lakcaran farko ya ɗauki littafi biyar daga bencin baya ya buɗe, da asirina ya tonu a take.

Abokaina sun ce na cika zurfafa abu. "Kai Malam, TP ai wasan kwaikwayo ce, su kansu lakcarorin sun sani. Ka samu sakamakonka, in ka kama aiki ka gyara." Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Ba a biyanmu ko sisi, kuɗin mota daga aljihunmu yake fita, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda hawa adaidaita ya koma. Shi ma lakcara ɗaya ne aka ɗora masa ɗalibai da yawa a makarantu masu nisa da juna, dole ya yi sauri. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Inda ban yarda da su ba shi ne batun "in ka kama aiki ka gyara". Yaushe? Wanda darasinsa na farko a aikin malanta shi ne cewa ana koyarwa ne don idon mai dubawa, me zai sa ya sauya ranar da aka ba shi aji nasa, inda mai dubawar ma sai a yi zango ba a gan shi ba? Malamin da ya miƙo mini alli ya ɓace, ai shi ma ya taɓa yin TP, kuma ina kyautata zaton ya ci maki mai kyau.

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba, aka sallame su. An yi ta cece-kuce kan adalcin gwajin, ƙungiyar malamai ta NUT ta yi yajin aiki, kuma ba wannan muhawarar na zo tayarwa ba. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, duk wanda ke da takardar malanta a cikinsu, akwai ranar da wani ya zauna a bayan ajinsa ya sa hannu cewa ya iya. Dokoki kam muna da su. NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, hukumar TRCN da ke yi wa malamai rajista tana nan tun 1993, har jarrabawa take shiryawa. Amma babu hukumar da za ta tsaya a kan malami da ƙarfe sha ɗaya na ranar Alhamis, lokacin da ya gaji, ajin ya yi zafi, ya ga zai iya cika allo da rubutu ya ce a kwafa ya fita shan iska.

Kuma tunda na fara, bari in taɓa wanda ba ma son a faɗa. A cikinmu akwai waɗanda suka cike makin gwaji na yara ba tare da sun yi gwajin ba, suka bi rajista suna raba 12 da 15 yadda hannu ya faɗa. Akwai samarin da suka dawo da lambobin wayar 'yan matan da suka koyar, suna nunawa a hostel ana shewa. Yarinyar da ta kira ka Malam, iyayenta sun turo ta ne bisa amana, ko da kuwa shekara biyar ka ba ta. Wannan ba ya cikin takardar maki, kuma ban ji an ja mana kunne a kansa ba kafin mu tafi. An dai jaddada mana mu riƙa yin shiga mai kyau.

'Yan injiniya da 'yan akanta da ke karanta wannan suna cewa ba ruwansu, ku dakata. Ku tambayi yayyenku da suka gama HND ina aka tura su bautar ƙasa. Da yawansu aji aka ba su. Wasu kuma tun bayan difloma suke koyarwa a makarantun kuɗi na unguwa kafin aikin da suke jira ya fito, kuma jiran kan kai shekaru. Mu ko ba komai an koya mana rubuta shirin darasi. Ku za a miƙa muku alli ne kawai a ce Allah ya ba da sa'a. Muna yawan alfahari da cewa Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano duk malaman makaranta ne kafin siyasa, biyun farko ma daga Kwalejin Katsina suka fito aka tura su koyarwa a Sakkwato da Bauchi. Amma yau a harabar nan, in ka ce wa mutum zai ƙare a koyarwa sai ya ce maka "Allah ya kiyaye", kamar ka yi masa baki. Wanda ya shiga aji da wannan zuciyar, yara suna ganewa tun makon farko.

Ga abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su kai gaban hukumar makaranta, kuma ba ya cin kuɗi. Cikin zuwan da ake yi duba ɗan TP, a bar guda ɗaya ba sanarwa. Na san 'yan ajinmu za su ce na gama nawa shi ya sa nake neman ƙulla wa na baya, to na ji, na ɗauka. A ƙara gurbi a takardar maki inda lakcara zai buɗe littattafan yaran da ya zaɓa da kansa, ya kuma yi wa aji tambaya biyu da bakinsa. In ɗalibi ya yi baya a tsarin zango, a tambaye shi dalili kafin a rage masa. Sannan ƙungiya da kanta za ta iya gayyato malamai biyu daga sashenmu su yi wa 'yan HND II bita ta yini ɗaya kan yadda ake tsayawa gaban aji, kafin su tafi sansani. Muna kashe fiye da haka a makon al'adu.

Makon jiya wani ƙanena na ajin baya, wanda za su fita TP zango mai zuwa, ya same ni a masallaci ya ce, "Yaya, an ce kai ka fi kowa ci a zuwan farko, ka taimaka mini da sirrin." Na ba shi kwalin rular, na ba shi labarin ranar Alhamis tun daga farko har ƙarshe. Ya saurara, ya yi dariya inda ya kamata, sannan ya ce, "To amma Yaya, dama ce ta wanda ya sani ko hagu?"