ƘAURA BA TARE DA AN RUFE OFIS BA

Tsofaffin ma'aikatan En'e sun san wahalar da a ke sha in za a ta da Baitulmali daga wani gini zuwa wani. Sai a rufe ƙofa, mai biyan haraji da mai karɓar albashi kowa ya koma gida sai an gama. Yau littattafan nan sun koma cikin kwamfuta, amma wahalar ƙaura tana nan.

Ga yadda abin ya ke. Babbar kwamfuta guda a kan rarraba ta kamar gidan haya, kowane ɗaki ya zama kwamfuta mai zaman kanta. In gidan ya bukaci gyara, tilas a kai 'yan haya wani gida, kuma abin da a ke so shi ne a ɗauke su suna cikin aiki. Dabarar kamar akawu ne ya ke juyar littafin kuɗi alhali Ma'aji yana ta rubutu a ciki. In ya kai ƙarshe, sai ya koma ya sake juyar shafukan da aka taɓa. Haka zai yi ta zagayawa har su rage kaɗan, sa'an nan a ce Ma'aji ya ɗaga alƙalami, a ƙarasa. A 2005 masana na Jami'ar Kambirij ta Ingila suka gwada haka da manhajar Xen, a gwaji guda tsayawar ba ta wuce kashi 60 cikin 1,000 na sakan ɗaya ba.

Amma fa a kan waya mai ƙarfi suka yi. In hanyar saƙo ba ta da ƙarfi, hannun Ma'aji ya fi na akawu sauri, to, aiki ba ranar ƙarewa. Masu manhajar QEMU sun nemi magani iri iri. Akwai rage saurin Ma'aji da gangan, akwai aika layin da ya sake kaɗai maimakon shafi ɗungum. A 2015 suka ƙara wata dabara, watau a fara kai Ma'aji sabon gini, shafuka su biyo shi. Wannan ta fi saurin ƙarewa, sai dai in hanya ta yanke a tsakani, littafi ya rabu gida biyu ke nan.

Yankewar hanya kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Mutanen Birnin Gwari ba su manta da 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna kusan wata biyu saboda 'yan bindiga na daji. Gaskiya ita ce irin wannan katsewa ba dabarar da za ta yi maganinta. Amma hanya mai rauni, wadda ta ke zuwa tana komawa, ita a kan iya yi wa wayo, kuma ofisoshi da asibitocin ƙasa irin wannan su ne su ka fi bukata.

Wa zai yi? A ganinmu ɗalibanmu ne. QEMU buɗaɗɗiyar manhaja ce, kowa na iya karanta asalin rubutunta, ya gyara, ya aika a duba. Tun 2005 kamfanin Google ya ke ba ɗalibai 'yan kuɗi su yi irin wannan aiki na 'yan watanni a ƙarƙashin gwanaye, masu QEMU kuma sun sha shiga shirin.

Saboda haka muna roƙon malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Jami'ar Jihar Kaduna su sa wannan cikin ayyukan 'yan ajin ƙarshe. Ba sai an sayi kaya masu tsada ba, kwamfuta biyu da waya sun isa. Yaro ya raunana hanyar da gangan, ya auna tsawon ƙaura da tsawon tsayawa, ya rubuta abin da ya gani ko da bai yi daɗi ba. In ya sami gyara, ya aika wa masu manhajar, ya kuma daure in sun dawo masa da shi sau biyar.