Mai Koyon Golf, Ka Fara Sanin Ƙarfin Hannunka

A 1970, a filin St Andrews na Sikotilan, Ba'amurke Doug Sanders ya iso rami na ƙarshe na gasar Open yana neman bugu huɗu ya ɗauki kofi. Bugu biyu suka kai shi girin, dandalin ciyawar nan mai laushi da ke kewaye da rami. Ya gungura ƙwallo daga nisan ƙafa kamar 30, ta tsaya saura ƙafa 3. Ya sake bugawa, ta kauce. Washegari Jack Nicklaus ya doke shi da bugu ɗaya a wasan raba gardama.

Bugun ƙarshen nan kowa yake tunawa. Amma na farkon, wanda bai kai ba, shi ya jefa Sanders cikin halin da ya shiga. Nan ne masu golf na sha'awa suka fi asara, kuma nan suka fi sakaci. Mutum zai yini yana zabga ƙwallo da babbar sanda a wurin atisaye, ya ba girin minti biyar, alhali a fili mai lissafin bugu 72, an ware 36 don gungurawa kawai.

Ramin faɗinsa inci 4.25 ne. Farfesa Mark Broadie na Jami'ar Columbia, wanda ya yi nazarin alƙaluman gasannin PGA Tour, ya nuna cewa ƙwararru ma rabin bugunsu ne ke shiga daga nisan ƙafa 8. To, me zai sa ma'aikacin da ke wasa ranar Asabar kaɗai ya ɗora wa kansa dole sai ta shiga daga ƙafa 25? Aikinsa ya ajiye ƙwallo kusa da rami, inda bugu na biyu ba zai sa gabansa ya faɗi ba. Bugu uku a girin ɗaya shi ke cinye maki, kuma yawanci ƙarfin hannu ne ke jawo shi, ba saiti ba.

Karatun girin kuwa tun daga nesa ake fara shi, lokacin da mutum ke tahowa da ƙafa, domin tudu da kwari sun fi fitowa daga can. Tambayar ita ce wadda manomi ke yi wa gonarsa: in ruwa ya sauka, ina zai bi? Daga nan sai a durƙusa bayan ƙwallo, a kuma leƙa ta gefen da ya fi ƙasa. Tafin ƙafa ma yana gani. Dabarar AimPoint, wadda Mark Sweeney ya ƙirƙira kuma Adam Scott ya yi fice da ita, a kan haka aka gina ta: ka tsaya ka ji wace ƙafa nauyinka ya fi karkata. Marigayi koci Dave Pelz ya daɗe yana nuna cewa masu koyo suna raina gangara, shi ya sa ƙwallonsu ke zamewa ta ƙasan rami. In ido ya ce taku ɗaya, a ƙara.

Ita kanta ciyawar tana da kwanciya, musamman irin Bermuda ta ƙasashe masu zafi. In ta yi sheƙi daga inda mutum yake tsaye, ƙwallo za ta yi gudu. In ta yi duhu, sai an ƙara ƙarfi. Mai wasa a Abuja, Kaduna ko Jos ya san girin ɗin da raɓar safiya ko damina ta jiƙa ba ɗaya yake da wanda hunturu ya busar ba. Manyan filaye suna auna wannan gudu da na'urar Stimpmeter, wadda Edward Stimpson ya ƙera a shekarun 1930. Mai koyo ba ya buƙatarta. Minti goma a girin atisaye kafin a fara, yana gungura ƙwallo daga nesa, hawa da gangara, sun ishe shi.

Abin da bai dace ba shi ne kwaikwayon abin da ake gani a talabijin: zagaya rami sau uku, ɗaga yatsu, mutane na jira a baya cikin rana. A karanta girin yayin da abokin wasa ke bugun nasa. A kuma saurari mai ɗaukar jaka, wanda yake taka wannan ciyawa kullum. In ya ce “ranka ya daɗe, hagu kaɗan, kada ka danna,” ya ga ƙwallaye masu yawa sun bi ta wannan gangarar.