A Dubi Yanayin Kurmi Kafin A Haɗa Lefe

A ƙasar Hausa ba a koya wa mace yadda za ta sake tufafi bisa ga lokaci, gama tun tana yarinya take gani wajen uwarta. In ɗari ya kama, watau daga Disamba zuwa Fabrairu, sai ta fito da rigar sanyi da safa da mayafi mai kauri, ta riɓanya zane, ta shafa man kaɗe saboda faso. In bazara ta shigo sai a koma ga boyel da atamfa mara nauyi. Da damina ana ruwa ana rana, wankin safe ya bushe kafin la'asar. Da kaka kuwa amfanin gona ya shigo gida, kuɗi sun samu, sai ɗinki da bukukuwa.

To, amma wannan lissafi ba ya cin Kurmi, kuma rashin lura da haka yana jawo wa 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal hasara mai yawa. A Ikko ruwa yakan fara tun wajen Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, sa'an nan ya komo a Satumba da Oktoba. Ruwan da ke zuba a shekara ya yi kusan ninki biyu na Kano. Ko ranar da ba a yi ruwa ba iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa a jiki, wanki yakan kwana biyu a kan igiya. Hunturun ma da ke leƙowa a Disamba da Janairu baƙo ne, ba ya daɗewa.

Duk da haka, in saurayi mai sana'a a Agege ko Idi Araba ko Mile 12 ya tashi aure a gida, sai ya aika da kuɗi a je Kantin Kwari a cika akwatuna da manyan shaddodi da leshi mai duwatsu, kamar a Kano amarya za ta zauna. A kawo yarinya a ajiye ta a ɗaki guda, akwatuna jingine da bango mai tsatsafo. Kafin damina ɗaya ta wuce, ta buɗe ta tarar fumfuna ta yi wa shadda ɗige-ɗigen da sabulu ba ya fitarwa, leshi yana warin ruma, takalma da jakunkuna sun yi kore. Abin da miji ya yi shekara biyu yana tari ya tafi ke nan, kuma daga nan ake fara zargin amarya da ƙazanta, alhali kuwa ba wanda ya gaya mata halin garin.

Ban da hasarar dukiya akwai ta lafiya. A da masaƙun Kaduna suna saƙa audugar Funtuwa da Gusau, amma tun da masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, wasu kuma suka bi bayanta, yawancin yadi mai araha daga waje yake zuwa, kuma da yawa cikinsa roba ce aka yi wa zanen atamfa. Yadin roba ba ya shan gumi. Mace ta zura doguwar riga ta roba, ta ɗora hijabin roba har ƙasa, ta shiga motar haya cikin cunkoson Ikko, ta dawo gida da ƙuraje a wuya da baya, jaririn da ta goya ma haka. Daɗin daɗawa, in wuta ta lashi irin wannan yadi a wurin girki, narkewa yake yi ya manne da fata. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wasu za su ce lefe mutuncin miji ne, in aka rage manyan kaya dangin amarya za su yi tsegumi. Gaskiya ne ana tsegumi, amma masu yinsa suna can Arewa, amarya ce za ta kwana da warin ruma. Shadda biyu ko uku na fita biki sun isa, sauran kuɗin a sa su a atamfar auduga da boyel, a haɗa da laima da takalmin roba. Wasu kuma za su ji tsoron kada a taɓa sutura. Ba wanda ya ce a rage tsawon hijabi. Na auduga yana rufe jiki kamar na roba, ga shi iska tana ratsa shi. Gane su kuwa ba wuya: a zari zare ɗaya a kusanta shi da ashana, auduga takan zama toka, roba takan dunƙule ta yi tauri.

Telolin zango su ma da nasu alhakin. Salla tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Babbar Salla ta 2024 ta faɗo ran 16 ga Yuni, ta 2025 ran 6 ga Yuni, tsakiyar ruwan Ikko ke nan. Telan kirki zai ba mace shawara kada ta ɗinka abin da zai riƙa sharar taɓo a hanyar Idi.

Matan da suka daɗe a Kurmi sun san dabarun ajiya. Sukan ɗora akwati a kan katako nesa da bango, su jefa kafur a ciki, su shanya kaya duk ranar da rana ta fito, ba sa ninke tufa sai ta bushe sarai. Wajibi ne su koya wa amare tun makon farko. Haka kuma mai shirin kai iyali gida ganin dangi a Disamba ya tanadi rigunan sanyi da huluna tun daga nan, gama yaran da aka haifa a Kurmi ba su san sanyin asubar Kano ba, kuma sau da yawa mura da tari ne tsarabar da suke komowa da ita.

Allah ya ba magidanta ikon gyarawa, amin.