Baleyara: wa ya cinye gefen kwalta?

Ran Lahadi in kasuwar Baleyara ta ci, kwaltar Yamai zuwa Filinge ba masaka tsinke: motocin dabbobi, amalanke, kekuna, ga mata da kayan lambu a ka. Tun da garin ya zama gunduma a 2011, filin bakin hanya ya ƙara daraja, mu kuma kowa sai tura rumfarsa yake har bakin kwalta. To, mai sayen kayanmu galibi da ƙafa yake zuwa, ko bisa keke. In ya rasa wurin bi, gaba zai yi da kuɗinsa. Kafin magajin gari ya sake yanka filaye, mu nemi a ware hanyar ƙafa da keke, a dasa bedi, tun ba a zuba siminti ba.