Filin Kimiyya Da Fasaha: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

A wannan mako filin zai waiwayi wani al'amari da ya sha wa akawuna da magatakarda kai a ofisoshin duniya tun daga wajen 1990, wanda kuma har yau ƙurarsa ba ta gama lafawa ba. Al'amarin kuwa shi ne takarda mai sassa, watau takardar kwamfuta guda ɗaya wadda ta ƙunshi rubutu da jadawalin lissafi da zane da hoto, kowane sashe kuma wata manhaja dabam ce ta yi shi.

Kafin zuwan wannan dabara, mai shirya rahoto da almakashi da gam yake aiki. Sai ya buga rubutunsa da tafireta, ya bar fili, sa'an nan ya yanko jadawali daga wata takarda ya liƙa. In alƙaluma suka canja kuwa, tilas ya koma farko. A 1981 kamfanin Xerox na Amurka ya fito da na'urar Star, wadda ke iya haɗa rubutu da zane a shafi guda, amma da yake kuɗinta ya haura dala 16,000, ba ta yaɗu ba. Sai a 1990 kamfanin Microsoft ya fito da tsarin da ya kira OLE, wanda ya bazu tare da Windows 3.1 a 1992, aka kuma kyautata shi a 1993. Kamfanin Apple ma ya kawo irin tasa dabarar a 1991 cikin System 7, mai suna Publish and Subscribe.

Tsarin OLE ya ba mai aiki hanya biyu. Ta farko ita ce dashe, watau a ɗauko sashen gaba ɗaya a dasa shi cikin takardar, ya zauna a can. Ta biyu ita ce jingina, watau a bar sashen a fayil ɗinsa na asali, takardar kuwa ta riƙe adireshinsa da hotonsa kawai, duk sa'ad da aka gyara asalin sai gyaran ya bayyana a cikinta. A baki abin gwanin daɗi, amma kowace hanya da irin ƙayar da ke kanta.

Ita jingina, babban lahaninta shi ne tsinkewa. Takardar ta san fayil ɗin ne da sunansa da kuma wurin da yake. To, da zarar an sake masa suna, ko an mai da shi wata folda, ko an kwafe takardar a faifai an kai wata na'ura, sai igiya ta tsinke. Abin da ya fi muni kuwa shi ne takardar ba ta nuna alamar komai a fuskarta, domin tana ci gaba da nuna tsohon hoton alƙaluman. A ce akawu ya gyara jimillar albashi ranar Litinin, rahoton da ya aika wa shugaba ranar Talata yana iya ɗauke da jimillar makon jiya, ba wanda ya sani. Akwai kuma kishiyar wannan: wasiƙar da aka riga aka sa wa hannu, a buɗe ta bayan wata shida a tarar alƙalumanta sun canja da kansu, saboda wani ya taɓa asalin. Dabarun da masu aiki suka koya su ne ajiye takarda da dukan fayilolin da ta jingina da su a folda guda, da barin sunaye yadda suke, da hana takardar sabunta kanta sai an umurce ta, da kuma yanke jinginar da gangan kafin a aika da takarda waje.

Shi kuwa dashe ba ya tsinkewa, amma yana kumbura fayil. Dalili kuwa shi ne takardar tana ɗauke da abu biyu game da kowane sashe: ainihin bayanansa, da kuma hotonsa wanda ake nunawa. A zamanin da faifan da ake yawo da shi megabait 1.44 kaɗai yake ci, rahoto mai hotuna uku ko huɗu yana iya ƙin shiga. Sai mutane suka koma ga matse fayil, ko rarraba rahoto babi-babi, ko sake adana shi da sabon suna domin ya zubar da tarkacen da ya tara. A wancan zamani, ita manhajar Word tana da wata hanyar adanawa da gaggawa, wadda ke ɗora sabon gyara a ƙarshen fayil ba tare da ta share tsohon ba, ta haka rubutun da marubuci ya zaci ya goge yana nan a ɓoye. Masu hankali sai suka riƙa kashe wannan hanya.

Har ila yau dashe yana tonon asiri. Wanda ya dasa ɗan zanen alƙaluma daga Excel cikin wasiƙa, galibi littafin lissafin gaba ɗaya ya dasa ba da saninsa ba. Mai karɓar wasiƙar in ya latsa zanen sau biyu, sai ga dukan shafukan sun buɗe masa, da farashin sari da ribar da ake ci da albashin ma'aikata. Maganin da aka samo shi ne a manna zanen a matsayin hoto tsura, wanda ba ya buɗuwa, ba ya gyaruwa.

Akwai kuma wasu ƙananan cikas da suka ci wa mutane lokaci. Sashen da aka dasa akwati ne mai kusurwa huɗu, kuma ba ya ƙetarawa daga shafi zuwa shafi. Saboda haka jadawalin da ya fi shafi tsawo sai ƙasansa ya yanke, dole a datsa shi gida biyu ko uku, ko a sake buga shi da hannu cikin rubutun. Bugu da ƙari, gyaran sashe yana bukatar manhaja biyu su tashi a lokaci guda, alhali Windows 3.1 ta keɓe wa wasu muhimman ayyukanta ma'ajiyoyi ƙanana na kilobait 64. In suka cika sai na'ura ta sandare, ko da sauran ƙwaƙwalwarta na da fili. Shi ya sa tsofaffin ma'aikata suka saba da adana aiki kafin su taɓa kowane sashe.

Amma uwar matsalolin ita ce wannan: takardar ba ta mallaki abin da ke cikinta ba. Kowane sashe baƙo ne, kuma ba ya jin maganar kowa sai ta manhajar da ta haife shi. In na'urar mai karɓa ba ta da wannan manhaja, to gani kawai zai yi, ba gyara. Masu buga Hausa da kwamfuta a waɗannan shekaru sun ɗanɗana irin wannan ta wata fuska, domin haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, sun dogara ne ga wani zubin haruffa na musamman. In aka kai takarda na'urar da ba ta da shi, sai wasu alamomi dabam su fito a gurbinsu, abin da ya sa da yawa suka haƙura da lanƙwasar.

Kamfanin Apple, tare da IBM da WordPerfect, sun yi nufin warware al'amarin daga tushe da tsarin OpenDoc. Manufarsu ita ce a daina dogara ga manyan manhajoji, takarda ta zama ita ce gida, ƙananan manhajoji daga kamfanoni dabam-dabam su riƙa shigowa kowace ta kula da sashenta. Tsarin ya fito kan Macintosh a 1995, IBM kuma ta sa shi cikin OS/2 Warp 4 a 1996. To, amma tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Tsarin yana cin ƙwaƙwalwar na'ura, yana da nauyin tashi, kuma wanda aka aiko wa takarda mai sassa biyar yana bukatar irin ƙananan manhajojin nan biyar kafin ya gyara ta duka. Manyan masu yin manhaja kuwa ba su ga dalilin da za su farfasa hajarsu su sayar a gutsattsare ba. A watan Maris na 1997 Apple ya daina aikin. Da aka tuhumi Steve Jobs kan wannan a taron masu yin manhaja cikin watan Mayu na wannan shekara, sai ya amsa da cewa daga bukatar mai amfani ya kamata a faro a gangaro ga fasaha, ba a ƙirƙiro fasaha sa'an nan a shiga neman inda za a sayar da ita ba.

Mai karatu zai lura cewa kusan dukan dabarun da aka lissafa manufarsu ɗaya ce, watau a kashe ran sashen domin a tsirar da takardar. An yi alkawarin takarda mai rai wadda ke sabunta kanta, amma duk wanda ke son aikinsa ya isa lafiya sai ya mai da ita hoto. Wannan na cikin dalilan da suka sa tsarin PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, ya sami karɓuwa, domin shi daskarar da shafi yake yi yadda yake.

Kada kuma a ɗauka wannan labarin jiya ne kawai. Shekara da shekaru malaman lissafi da ɗaliban jami'a sun dasa ƙa'idojin lissafi cikin takardunsu da wata 'yar manhaja mai suna Equation Editor. A watan Nuwamba na 2017 aka bayyana cewa tana da wata kafa da ɓarayin bayanai ke iya bi su shiga na'ura, a watan Janairu na 2018 kuwa Microsoft ya cire ta ɗungum. Daga nan ƙa'idojin da aka rubuta da ita suka koma abin kallo: suna nan a shafi, amma ba sa gyaruwa sai an nemo wata manhaja ko an sake rubuta su. Baƙo ya tafi, ya bar mai gida da hotonsa.

Saboda haka akwai jan hankali ga ma'aikatu da kotuna da jami'o'i da kamfanoni masu tsofaffin fayiloli a ajiye. Ya kamata a buɗe su tun ana samun na'urar da za ta iya. A adana kwafi guda a tsarin PDF/A, wanda hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da shi a 2005 domin ajiya mai tsawo. A fitar da alƙaluman kowane jadawali a ajiye su dabam cikin tsari mai sauƙi. Takardar da ta shafi haƙƙin mutane kuwa, kamar ta fili ko fansho ko gado, a buga ta a kan farar takarda a sa a fayil. Sa'an nan kafin a aika da kowace takarda waje, a duba abin da ke maƙale a cikinta.

Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Takardar da rabinta ke hannun wata manhaja, ranar da mai abu ya karɓi abinsa za a ga tsiraicinta. Allah Ya sa a gyara tun da sauran lokaci. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai rai.