Wiwi Kamar Manhajar Da Ba a San Asalinta Ba Ce

Kwanakin baya ƙanen wani abokina a nan Kakau ya miƙo mini wayarsa in kalli wani bidiyo. Bature ne daga Kanada, riƙe da kwalba, yana bayanin yadda tabar wiwi ke canzawa idan ta daɗe a ajiye. Yaron ya fahimci cewa tsohuwar wiwi ba ta da illa. A nan ya yi kuskure.

Gaskiya ne ganyen yana canzawa. A ɗanyensa, yawancin sinadarin THCA ne, zafi ke mayar da shi THC, wanda shi ne ke bugarwa. Idan ya daɗe, iska da haske suna lalata THC, wani ɓangarensa ya koma CBN. Idan kuma akwai danshi, irin na watan Agusta a Kaduna, fumfuna kamar Aspergillus na iya kama shi, kuma tana cutar da huhu, musamman ga mai asma ko mai raunin garkuwar jiki. Wato ƙarfin buguwa na iya raguwa, haɗarin kuma ya ƙaru.

Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne, a Kanada, inda aka halatta wiwi ranar 17 ga Oktoba, 2018, ana gwada ta a ɗakin bincike, a rubuta adadin THC a jikin kwali. Ƙullin da ake miƙa wa matashi a lungu fa? Ba wanda ya san watanninsa nawa, ko a ina ya kwana, ko me aka gauraya masa. Ga doka kuma: a Najeriya mallakarta laifi ne, kuma tun 1989 aka kafa NDLEA don irin wannan.

Ni da ke rubuta manhaja, ba na saka APK ɗin da aka turo mini ta WhatsApp ban san wanda ya haɗa shi ba. Waya ma ke nan, wadda idan ta rikice ana yi mata filashin. Ƙwaƙwalwa ba ta da mai gyara a kasuwa.

Binciken UNODC na 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 10.6 ke shan wiwi, don haka batun ba na nesa ba ne. Idan irin wannan bidiyo ya faɗo maka a TikTok, danna shi ka riƙe, ka zaɓi cewa ba ka sha'awarsa. Abin da ka tsaya kallo, shi za a ci gaba da kawo maka.